Gandun bagaruwa na birnin Khartum

Kafin karatu

Ku nemi ƙasar Sudan a taswirar Afirka. Wace ƙasa ce take tsakaninta da Nijar? Ku bi kogin Nilu da yatsa, daga kudu zuwa arewa. A wane teku ya faɗa?

1. Inda koguna biyu suka gamu

Sudan babbar ƙasa ce. Tana gabas da Nijar. Wanda ya tashi daga Difa ya nufi gabas, sai ya ratsa ƙasar Cadi kafin ya shiga Sudan. Babban birninta shi ne Khartum.

Koguna biyu ne suka gamu a Khartum. Na farko sunansa Farin Nilu. Ya taso daga kudu, daga wajen tabkin Biktoriya. Yana da faɗi, kuma yana tafiya a hankali. Na biyu sunansa Shuɗin Nilu. Ya gangaro daga tabkin Tana, cikin duwatsun Habasha. Da damina yana zuwa da ƙarfi, ɗauke da laka mai yawa. Wurin da suka gamu ana ce masa Mugran, watau mahaɗa. Wanda ya tsaya a kan gada yana iya ganin ruwa launi biyu suna tafiya gefe da gefe kafin su gauraya. Daga nan sun zama kogi ɗaya, Nilu, wanda ya ratsa hamada ya bi ta Masar har ya faɗa Bahar Rum.

Garuruwa uku ne suka kewaye mahaɗar. Khartum tana tsakanin kogunan biyu. Omdurman tana yamma. Bahri tana arewa da Shuɗin Nilu. A tsakiyarsu akwai tsibirin Tuti, mai garaken lemu da kayan miya.

Hausawa ba baƙi ba ne a wannan ƙasa. Tun zamanin da, alhazai suna bi ta Sudan a ƙafa ko a kan jakai da raƙuma, za su Makka. Tafiyar takan ɗauki shekaru. Waɗansu sukan tsaya su yi noma don su sami guzuri, har su zauna ke nan. Bayan yaƙin Burmi na shekarar 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya ja jama'a masu yawa zuwa gabas. Suka sauka a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Garin da suka kafa har yanzu sunansa Mai Wurno, kuma ana jin Hausa a cikinsa.

2. Itacen da ba ya tsoron ruwa

A kudu da Mugran, a bakin Farin Nilu, akwai wani gandun daji da ake kira Sunut. Yana cikin birni, kusa da manyan gine-gine da hanyoyin mota. A ƙetaren kogin kuma ga gidajen Omdurman. Sunut kalma ce ta Larabcin Sudan. Ma'anarta bagaruwa. Itacen nan ne da kowane yaro ya sani a bakin fadama ko tabki, mai farar ƙaya da furanni rawaya.

Me ya sa bagaruwa ce ta cika wurin? Dalili shi ne ruwa. A watannin Agusta da Satumba Shuɗin Nilu yakan cika ƙwarai. Saboda ƙarfinsa sai ya tare wa Farin Nilu hanya a mahaɗa. Ruwan Farin Nilu ya rasa wurin wucewa, sai ya taru ya malala gefe, ya shiga gandun. Itatuwa su yi makonni suna tsaye cikin ruwa. Yawancin itatuwa ba su jure wannan: saiwarsu takan ruɓe. Bagaruwa kuwa tana jurewa. In ruwa ya janye, ya bar mata laka mai taki. In rani ya yi tsanani, saiwarta mai zurfi ta samo mata laima.

Ƙwayar bagaruwa tana da ɓawo mai tauri. Tana iya daɗewa cikin ƙasa ba ta tsira ba. Sai ta jiƙa sosai, ko ta bi ta cikin akuya, sannan ɓawon ya yi laushi ta tsira. Ma'aikatan gandun daji na Sudan sun san haka. Sukan watsa iri a kan laka lokacin da ruwa yake janyewa.

Amfanin bagaruwa yana da yawa. Majema suna daka ƴaƴanta su jeme fata da su, kamar yadda ake jeme fatar jar akuyar Maraɗi. Mutanen Sudan suna kiran ƴaƴan garad, suna kuma yin maganin mura da su. Zuma tana son furanninta. Awaki da raƙuma suna cin ganyenta. Katakonta yana da nauyi da ƙarfi, gara ba ta cinsa da sauƙi. Masassaƙan unguwar Abu Rof a Omdurman sun yi suna wajen sassaƙa jiragen ruwa da shi. An kuma shimfiɗa shi ƙarƙashin layin dogo.

Kafin yaƙin 2023, gandun kansa yana yi wa birni aiki. Saiwoyin itatuwa suna riƙe gaɓar kogi, ruwa ba ya zaizaye ta. Ganye yana tare ƙura, yana rage zafi. Lokacin ambaliya ƙananan kifaye suna ɓuya tsakanin saiwoyi har su girma. Kwaɗi da tsari da ƙwari iri-iri suna zaune a ciki. Inda akwai waɗannan kuwa, tsuntsaye ba su rasa abinci. Don haka ne a shekarar 1939, zamanin mulkin Turawan Ingila, aka mai da Sunut mafakar tsuntsaye, aka hana farauta a ciki.

3. Tsuntsaye ƴan ci-rani

Tsuntsayen Sunut kashi uku ne.

Kashi na farko ƴan gida ne. Suna nan rani da damina. A cikinsu akwai balbela da zalɓe da kurciya.

Kashi na biyu baƙin damina ne. Babbarsu ita ce shamuwa. Tana zuwa daga kudu gab da faɗuwar ruwa, ta yi sheƙa, ta ƙyanƙyashe ƴaƴanta, ta ci fara da tsutsotsi. Da kaka ta koma gabashi da kudancin Afirka. Manomin Sudan yana murna da ganinta kamar yadda manomin Tasawa yake yi, don ya san damina ta kusa. Ba a kashe ta a can, ba a kashe ta a nan. Jinjimi ma da damina yake zuwa ya yi sheƙa.

Kashi na uku su ne ƴan ci-rani. Gidansu Turai da Asiya. In sanyi ya shigo can, ruwa yakan daskare ya zama ƙanƙara, ƙwari su ɓace. Sai tsuntsaye su taso zuwa Afirka neman abinci, kamar yadda samari suke barin ƙauye bayan girbi. Suna isowa daga watan Satumba, su koma wajen Maris ko Afrilu. A cikinsu akwai agwagin ruwa, da farar shamuwa, da dangin gauraka, da tsattsewa. Nauyin tsattsewa bai wuce giram 20 ba, kamar ƙwayar sukari huɗu. Duk da haka tana ƙetare teku da hamada.

Hamadar Sahara ita ce babbar wahalar tafiyar. Babu ruwa, babu inuwa. Amma kogin Nilu ya ratsa ta daga kudu zuwa arewa, da ruwansa da ciyayinsa. Tsuntsaye da yawa shi suke bi, kamar yadda ayari yake bin rijiyoyi. Gandu irin Sunut zango ne a gare su. A nan suke sauka su sha, su ci, su huta. Waɗansu su zauna har ƙarshen rani, waɗansu su wuce kudu.

Yaya aka san hanyarsu? A da mutanen Turai ba su san inda tsuntsayensu suke zuwa da sanyi ba. Waɗansu ma suna tsammani cikin laka suke kwana. A shekarar 1822, a arewacin Jamus, aka harbo wata farar shamuwa. Sai ga mashi soke a wuyanta, irin na mafarautan Afirka. Da shi ta yi tafiyar dubban kilomita. Har yanzu tana ajiye a jami'ar Rostock. Daga baya masana suka fara sa wa tsuntsaye ƙaramin zobe mai lamba a ƙafa. Wanda ya tsinci zoben ya aika da labari, sai a san inda tsuntsun ya kai.

Yanzu har ƴar na'ura ake ɗaura musu, mai katin waya a ciki, tana nuna inda suke. A shekarar 2018 wata farar shamuwa daga ƙasar Polan ta ɓace a kwarin Shuɗin Nilu. Wani ya tsinci na'urar, ya cire katin, ya sa a wayarsa, ya yi ta hira har wajen awa 20. Masanan Polan ne aka kai wa takardar biyan kuɗin!

4. Ranar hutu a bakin kogi

Kafin yaƙin da ya tashi a 2023, Juma'a ranar fita ce a Khartum da Omdurman. Birnin yana da zafi da ƙura, don haka mutane suna neman inuwa da ruwa. Iyali sukan ɗauki tabarmi da tukwane da tulun ruwa su nufi Sunut. Iyaye mata su shimfiɗa tabarma, maza su gasa nama, yara su yi ƙwallo ko ɓuya tsakanin itatuwa. Mata masu shayi suna zaune a gindin itace da murhunsu, suna sayar da shayi da gahawa mai citta. Shiga gandun ba ya bukatar dukiya. Talaka da mai kuɗi inuwa ɗaya suke sha.

Ba masu hutawa kaɗai suke zuwa ba. Ɗaliban jami'ar Khartum sukan zo da sassafe, da tabarau mai jawo nesa da littafin rubutu. Su zauna shiru, su ƙirga tsuntsaye, su rubuta irinsu. Masunta kuma suna jefa taru a bakin gandun. Kifin da suka kamo, karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa, ana kai shi kasuwar kifi ta Murada a Omdurman.

Masu mota sukan yi nisa. Waɗansu su nufi kudu, zuwa madatsar ruwa ta Jabal Auliya, wadda aka gama a 1937, su ci soyayyen kifi. Waɗansu su nufi arewa, zuwa Sabaloka, wajen kilomita 80 daga Khartum. A can kogin Nilu ya matse tsakanin baƙaƙen duwatsu, yana gudu yana kumfa. Irin wannan wuri shida ake ƙirgawa daga Aswan ta Masar zuwa kudu, Sabaloka ce ta shida. Baƙi sukan shiga kwalekwale su zagaya tsibirai, ko su hau dutse su hangi hamada. Ita ma an keɓe ta don kare namun daji.

Sai dai yawan baƙi yana da nasa lahani. Waɗansu sukan tafi su bar leda da gwangwani. Waɗansu su karya reshe don hura wuta. Yara su harbi tsuntsu da danƙo. Baƙon kirki a gandu ga abin da yake yi:

- yana magana a hankali, don kada ya firgita tsuntsaye;
- ba ya taɓa sheƙa, ba ya ɗaukar ƙwai;
- ba ya saran ɗanyen itace;
- yana kashe wutarsa da ruwa ko ƙasa kafin ya tashi;
- yana kwashe shararsa ya tafi da ita.

5. Dindir, gandun manyan namun daji

Wanda yake son ganin zaki ko ɓauna, sai ya yi tafiya mai nisa. Wani babban gandun namun daji na Sudan sunansa Dindir. Yana kudu maso gabas da Khartum, fiye da kilomita 400, a kan iyakar Habasha. An keɓe shi a 1935. Faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 10,000. A 1979 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da duniya take kulawa da halittunsu.

Zuwa Dindir ba shi da sauƙi. Ƙasar wurin baƙar laka ce. Da damina mota ba ta iya shiga, sai ta kafe. Don haka da rani ake ziyararsa. Baƙi sukan sauka a zangon Galagu, ma'aikacin gandu ya yi musu jagora.

Kogin Dindir irin gulbin Maraɗi ne: yana gudu da damina, ya ƙafe da rani, ya bar ƴan kududdufai cikin rairayi. A gefensa akwai fadamu da mutanen wurin suke kira maya. Su ne rayuwar gandun. In daji ya bushe, a maya kaɗai ake samun ruwa da ɗanyar ciyawa. Da safe da marece dabbobi suna taruwa a can: ɓauna, gwambaza, kwanta-rafi, batsiya, gadu, da garken bika. Jimina tana kiwo daga nesa. Kwasakwasa da borin-tunku suna kamun kifi. Zaki kuwa yana kwance cikin ciyawa yana jira.

Amma Dindir ya yi hasara. A da akwai raƙuman dawa a ciki, yanzu babu ko ɗaya. Manyan gonaki na tarakta sun cinye dajin da yake kewaye da gandun, inda dabbobi suke fita da damina. Makiyaya sun rasa burtali da makiyaya, sai su kora shanu cikin gandun. Akwai masu farauta a ɓoye, akwai masu sa wuta don cire zuma. Ƙauyuka da yawa suna kewaye da shi, har da na Hausawa manoma da masunta. Kowa yana da bukata. Makiyayi yana son ciyawa, manomi yana son gona, ɓauna tana son maya. Gandu ba ya tsira sai maƙwabtansa sun ga amfaninsa, an kuma zauna da su an yi shawara.

6. Abin da yaƙi ya yi

Ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin gwamnati da wata runduna da ake kira RSF. Mutane da yawa sun mutu. Fiye da mutum miliyan 10 sun bar gidajensu a faɗin ƙasar. Makarantu suka rufe. Wutar lantarki ta ɗauke, gas na girki ya ɓace daga kasuwa.

Waɗanda suka rage cikin birni dole su dafa abinci. Da me za su dafa? Sai itace da gawayi. Farashinsu ya tashi. Ma'aikatan da suke gadin Sunut kuwa ba su nan. Aka shiga gandun da gatari da zarto. Wani ya sari ƙirare don tukunyar gidansa. Wani ya sari manyan itatuwa ya loda mota ya kai kasuwa. A watan Maris na 2025 sojojin gwamnati suka karɓe tsakiyar Khartum, mutane suka fara komowa. Da suka je Sunut, a wurare da yawa kututture kawai suka tarar.

Dabbobin da ake tsare da su ma sun sha wuya. A gidan tarihin halittu na jami'ar Khartum akwai kadoji da macizai da tsuntsaye masu rai. Yaƙi ya hana a kai musu abinci da ruwa, suka mutu.

Ga kuma labarin zakoki. A watan Janairu na 2020, tun kafin yaƙi, wani mutumin Khartum mai suna Usman Salih ya ga waɗansu zakoki a keji sun rame, ƙasusuwansu a waje. Ya sa hotunansu a Facebook. Jama'a suka kawo nama da magani. Daga baya shi da abokansa suka buɗe gidan kula da dabbobi a Bagair, kudu da birnin. Da yaƙi ya zo, gidan ya kasance tsakiyar wuta. Masu aikin sa kai suka yi ta kasada da ransu suna kai abinci. A watan Nuwamba na 2023 wata ƙungiya mai suna Four Paws ta taimaka aka fitar da dabbobi kusan 50, cikinsu da zakoki 15, zuwa wajen Wad Madani. Yaƙi ya bi su can, aka sake kwashe su. A watan Fabrairu na 2024 zakoki 11 suka isa wata mafaka a Afirka ta Kudu.

Zaki ana iya sa shi a mota a gudu da shi. Gandu ba ya gudu. Itacen da aka sare cikin awa ɗaya, sai ya yi shekara 20 ko 30 kafin wani ya kai girmansa. Akwai kuma wani sabon al'amari: Habasha ta gina babbar madatsa a kan Shuɗin Nilu, ta fara tara ruwa a 2020, aka yi bikin buɗe ta a 2025. Madatsa tana rage ƙarfin ambaliya da yawan laka, bagaruwa kuwa da su ta saba. Duk da haka ƙwayoyinta suna nan cikin ƙasa. In an sami zaman lafiya, aka shuka, aka tsare tsiron daga awaki da gatari, gandu yana iya komowa.

7. A Nijar fa?

Hausawa sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Nijar ma tana da wuraren da aka keɓe. Akwai gandun W a bakin kogin Isa, wanda aka kafa a 1954, mai faɗin murabba'in kilomita 2,200. Akwai gandun Gadabeji a arewacin Dakwaro, na shekarar 1955. Akwai dajin Baban Rafi da tabkin Madarumfa a kudancin Maraɗi. Tsuntsaye ƴan ci-rani suna sauka a tabkunan Nijar kamar yadda suke sauka a bakin Nilu.

Ba yaƙi kaɗai yake kashe daji ba. Fari yana kashe shi. Saran itace ba tare da shuka wani ba yana kashe shi sannu a hankali, ba a ji ko ƙarar bindiga ba.

Amma abin da ya lalace yana iya gyaruwa. A 1996 raƙuman dawan Nijar ba su wuce 50 ba. Hukuma da mutanen ƙauyukan yankin Kure suka haɗa kai suka tsare su. Bayan shekara 20 sun kai wajen 600. A 2018 aka ɗauki 8 aka kai Gadabeji, inda aka daɗe ba a ga ko ɗaya ba. Manoman jihar Maraɗi kuma sun koyi barin tsiron itace a gona, su yi masa aski maimakon su tumɓuke shi. Da haka gonaki da yawa suka sake yin inuwa. Wannan aiki ba na manya kaɗai ba ne. Yaron da ya kewaye ƴar bagaruwa da ƙaya don kada akuya ta cinye ta, shi ma ya yi nasa.

A riƙe

Farin Nilu da Shuɗin Nilu sun gamu a Khartum. Gandun Sunut na bagaruwa ne. Kafin yaƙi yana ba mutane inuwa, yana riƙe gaɓar kogi, kuma zango ne na tsuntsaye ƴan ci-rani. Dindir babban gandun namun daji ne a Sudan. Yaƙin da ya tashi a 2023 ya cuci mutane da dabbobi da itatuwa. Sare itace yana da sauri, rainonsa yana ɗaukar shekaru.

Ma'anar kalmomi

- mahaɗa: wurin da koguna ko hanyoyi suka gamu.
- ambaliya: cikar kogi har ya malala bisa gaɓarsa.
- mafaka: wurin da ake ɓuya daga haɗari.
- zango: wurin da matafiya suke sauka su huta.
- majemi: mai sana'ar gyaran fata.
- kututture: gindin itacen da ya rage bayan an sare shi.
- burtali: hanyar da aka bar wa dabbobi tsakanin gonaki.

Tambayoyi

1. Daga ina Farin Nilu ya taso? Shuɗin Nilu fa?
2. Waɗanne garuruwa uku ne suka kewaye mahaɗar?
3. Me yake sa ruwa ya shiga gandun Sunut a watan Agusta?
4. Ku kawo amfanin bagaruwa guda huɗu.
5. Me ya bambanta shamuwa da tsuntsaye ƴan ci-rani?
6. Don me tsuntsaye suke bin kogin Nilu?
7. Mece ce maya? Me ya sa dabbobi suke taruwa a can?
8. Mai saran ƙirare don girki da mai loda mota don sayarwa, laifinsu ɗaya ne? Ku faɗi dalilinku.

Lissafi

1. An keɓe Dindir a 1935, gandun W a 1954. Shekara nawa ce tsakaninsu?
2. Faɗin Dindir murabba'in kilomita 10,000 ne, na W 2,200. Da nawa Dindir ya fi W?
3. Nauyin tsattsewa ɗaya giram 20 ne. Tsattsewa nawa za su yi kilo ɗaya?

Nahawu

Ku ba da jam'in waɗannan kalmomi: kogi, tsuntsu, zaki, itace, tsibiri, masunci, fadama.

Hausa da Faransanci

kogi: le fleuve, mahaɗa: le confluent, ambaliya: la crue, tsibiri: l'île, gandun daji: la réserve, shamuwa: la cigogne, zalɓe: le héron, kwasakwasa: le pélican, tsattsewa: l'hirondelle, ɓauna: le buffle, raƙumin dawa: la girafe, sheƙa: le nid.

Aiki

1. Ku tambayi wani tsoho ko tsohuwa a unguwarku: waɗanne namun daji da tsuntsaye ne ake gani a da, waɗanda ba a gani yanzu? Ku rubuta amsar cikin layi biyar.
2. Ku je bakin tabki ko fadama tare da malaminku. Ku zauna shiru na minti goma. Ku rubuta sunan kowane tsuntsu da kuka gani.
3. Ku samo ƙwayar bagaruwa goma. Ku jiƙa biyar cikin ruwan zafi su kwana, ku bar biyar yadda suke. Ku shuka su a gwangwani biyu, ku riƙa ba su ruwa. Waɗanne ne suka riga tsira? Don me?